Ranar da Baba Kauce Ya Hau Keke

Duk wanda ya taɓa shiga doguwar bas ɗin gwamnatin jiha, wadda ke tashi daga gareji ta ratsa kasuwa, ta haye gada, ta tsaya a bakin babban asibiti, ya san Baba Kauce. Ba sunansa na yanka ba ke nan. Masu keke ne suka laƙaba masa, domin da zarar ya hango mutum a kan keke a gabansa sai ya danne hon da tafin hannu, ya zuro kai ta taga, ya kwarara ihu: "Kauce!" Tun yana jin haushin sunan har ya saba. 'Yan ofis a gareji suka ɗauka, fasinjoji suka ɗauka, har uwargidansa in ta so tsokana da shi take kiransa.

Shi a wajensa titi na mota ne. "Mutum ya zo ya tsaya maka a gaba kamar kaza, ba fitila ba madubi, in ka taɓa shi a ce kai ne mugu," haka yake faɗa wa abokan aiki wajen shan shayi. Ya tsufa a kan sitiyari bai taɓa buge kowa ba, kuma ya yi imani hon ɗinsa ne ya tsare rayukan bayin Allah.

Wata rana da yamma ya dawo gida ya tarar da keke ruwan ɗorawa, sabo fil, a jingine jikin tankin ruwa. Har ledar sirdin ba a gama ɓarewa ba.

"Baƙo muka yi?"

Uwargida tana ninke wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba baƙo ba ne. Na 'yarka ne."

Auta ta fito daga ɗaki da hular kwano a hannu. Ita ce ƙaramar 'yarsa, tana aiki a ɗakin gwajin jini na asibitin da ke ƙetaren gada. Ta yi masa sannu da zuwa, ta karɓi jakarsa, tana murmushin wanda ya san za a yi rigima kuma ya shirya.

"Da wannan za ki riƙa zuwa aiki?"

"Da shi, Baba. Ai na daɗe ina bin gadar da keken aro duk Asabar, tare da 'yan ƙungiyar keke. Kullum sai na makara. Bas ta fi daɗewa a tsaye a bakin kasuwa fiye da a tafe. Jiya ma sauka na yi na taka da ƙafa, na riga ta isa."

"Bas ɗin wa?"

"Taka."

Uwargida ta kifa fuska cikin zanen gado tana dariya. Baba Kauce ya yi tsalle ya dire ya ce ba a gidansa ba. Ya san abin da ke kan gadar nan, ya san direbobin da ke binta ɗaya bayan ɗaya, shi ne ma babbansu. Auta ta bar shi ya gama faɗansa, sannan ta ce, "To mu yi haka, Baba. Ranar Asabar ba ka da aiki. Ka raka ni, kai ma a kan keke. In mun je mun dawo ka ce hanyar ba ta biyuwa, ni da kaina zan mayar wa mai shago da kayansa."

Ya amsa nan take. A ransa ya riga ya ci, don me zai gani a gadar da bai sani ba?

Telan da ke maƙwabtaka da su ya ara masa wani tsohon baƙin keke mai faffaɗar kariya, wanda yake ɗaukar yadi da shi. Rabon Baba Kauce da feda tun yana saurayi. Safiyar Asabar ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba, Auta ta kafa masa hular kwanon da ta aro, ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya haye. Keken ya yi dama, ya yi hagu, ya nufi bokitin da Uwargida ta ajiye a bakin ƙofa kamar da gangan. Bokiti ya kife, ruwa ya malale.

"Kauce, bokiti!" in ji Uwargida daga bakin ƙofa.

Ya sake hawa. Kafin su kai ƙarshen lungu ƙafafunsa sun tuna abin da kansa ya manta. Keken ya miƙe. Da suka fito titin bayan makaranta, inda ƙasa ta ɗan yi gangara, sai ya daina taka feda ya saki jiki. Iska ta cika masa riga kamar buhu. Bishiyoyin da ya saba gani ta gilashi suka riƙa wucewa ta saman kansa, har yana jin ƙamshin burodi daga wani gidan gashi da bai taɓa sanin da shi a wurin ba. Wata dariya ta taso masa tun daga ciki.

"Auta! Ke Auta! Taka mana, ko sai na wuce ki?"

"Baba, birki! Akwai kwana a gaba!"

Ya kashe kwanar, ya kaɗa ƙararrawa ba don kowa ba, ya sake kaɗawa. Tsohon da jiya da daddare yake ƙorafin ciwon baya, yau ga shi yana tseren keke da 'yarsa, baki har kunne.

Sai suka iso gada.

Daga kan kujerar bas gadar nan shimfiɗaɗɗiya ce, mai faɗi, mai santsi. Daga kan sirdi kuwa wata aba ce daban. Duk yashin da tayoyin motoci suka share, a gefe ya taru, daidai inda keke zai bi. Ga fasassun kwalabe. Ga murafan magudanar ruwa masu dogayen tsaga, kowace tsaga daidai faɗin tayar keke. In ka kauce wa murfi ka shiga gaban mota, in ka kauce wa mota ka shiga yashi. Baba Kauce ya ƙanƙame kan keken, dariyar ta ɗauke. Auta na gaba, yana ganin yadda take waiwaye kafin ta ɗan fito, ta miƙa hannu, ta koma.

Sun kai tsakiyar gadar ya ji ƙasa na rawa a ƙarƙashinsa. Ƙarar injin ya san ta kamar muryar ɗan'uwa, amma bai taɓa jin ta daga baya tana nufo shi ba. Hon ya fashe a ƙeyarsa. Wani jan bango mai zafi ya shafto ta gefensa, kusa ƙwarai har yana iya karanta ƙananan rubutun jikin ƙofa, kuma bangon ya ƙi ƙarewa. Iskar ta fara ture shi waje, sannan ta zuƙo shi ciki wajen tayar baya, tayar da ta kai masa har ƙirji. Daga can gaba wata murya ta kwararo:

"Kauce, tsoho!"

Tayar gabansa ta nutse cikin yashi. Ya tafi a hankali, kamar buhun da aka jingine bai zauna ba, ya zube a kan dakalin masu tafiya a ƙasa.

Auta ta yar da kekenta ta rugo. Gwiwar hannunsa ta ɗan ƙuje, hular kwano ta daki ƙarfen gada ta yi tabo. Ta duba idanunsa, ta lanƙwasa masa hannu ta miƙar. "Baba, yi haƙuri. Mu koma. Na ji, na bari."

Shi kuwa ba ita yake kallo ba. Bayan bas ɗin yake bi da ido, yana karanta lambarta.

"Jirgi ne," ya ce, yana nufin wani matashin direban garejinsu. Ya miƙe zumbur. "Wallahi Jirgi ne! Ni na koya wa yaron nan riƙe sitiyari! Ni zai ce wa tsoho?"

"Baba, mu koma gida."

"Mu koma ina? Ki bar me?" Ya ɗaga baƙin keken tela, ya saka tayar gaba tsakanin cinyoyinsa ya daidaita kan da ya karkace. Idonsa ya yi wani irin haske. "Haka suke yi miki kullum?"

Ta koma ta ɗago kekenta. Sannan ta ce, "Haka kuke yi mana."

Maganar ta shige shi. Ya tsaya yana kallon yashin da ke bakin ƙafarsa. Can ya ce, "Hau mu ƙarasa."

A ƙarshen gadar, ƙarƙashin wata babbar bishiya kusa da gidan mai, masu keke sun taru kamar yadda suka saba duk Asabar. Akwai ma'aikatan jinya, da malaman makaranta, da mai kai burodi shaguna, da wani dattijo mai gyaran agogo. Wata mace mai gilashi, da usur rataye a wuya, tana duba iskar tayoyi. Auta ta ce ita ce Injiniya, a ofishin kula da hanyoyi na jiha take aiki, kuma ita ke jan tafiyar. Injiniya ta ɗago, ta dubi mai hular kwanon da ya iso da ƙura a riga, ta cire gilashi ta goge ta mayar.

"Ikon Allah. Ba kai ne ka buga mana tebur a taro ba?"

Shi ne. A bara ofishinsu ya kawo shawarar a yanki gefen gadar a keɓe wa kekuna, a kafa turaku tsakaninsu da motoci. Ƙungiyar direbobin bas ta ce in aka rage musu hanya ko da taku ɗaya ne za su ajiye makullai, kuma Baba Kauce ne ya fi kowa ɗaga murya. Tun daga ranar maganar ta kwanta.

Labari ya zaga wurin cewa Baba Kauce ne da kansa a kan keke. Aka yi caa a kansa, wasu na dariya, wasu na ɗaukar hoto, mai burodi ya rantse shekaranjiya ma sai da ya kora shi cikin kwata. Wata ma'aikaciyar jinya ta wanke masa ƙujewar ta manna filasta. Shi dai yana zaune a kan tushen bishiya.

"Yanzu da direbobi za su janye, aikin zai yiwu?" ya tambayi Injiniya.

"Fenti da turaku suna nan a sito, ƙura suke sha. Amma mun yi musu bayani har mun gaji."

"Bayani?" Ya girgiza kai. "Ranki ya daɗe, direba ba ya ji da kunne. Ni ma ai an yi min bayanin. Sai jikin Jirgi ya ji abin da nawa ya ji yau." Ya tsaya cak da maganar a bakinsa. Ya dubi kekunan da ke jingine a jere, ya dubi titi. Sai ya daki cinyarsa ya miƙe. "Ku nawa ne za ku iya ara min kekunanku na safiya ɗaya?"

Ranar Litinin tun kafin ya karɓi makulli ya faɗa ofishin Manaja. Manajan gareji mutum ne mai tumbi da son zaman lafiya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya har kujerarsa na ƙara.

"Baba, kana so in jera direbobina a kan keke, ka bi ta gefensu da bas? In ka take min ɗaya fa?"

"Yallaɓai, kekunan a tsaye za su kasance, a ɗaure jikin ƙarfen shinge. Za a ja layi a ƙasa. Ka taɓa jin tayata ta taka abin da ban nufa ba?"

Manaja ya shafa tumbi. Ƙorafin masu keke ya ishe shi, kusan kullum sai an kira shi daga sama a kan maganar. Ya ce a gwada ranar Lahadi, lokacin da rabin motoci ke hutu.

Makon nan Baba Kauce bai zauna ba. Ya auna filin gareji da igiya, ya nemo fenti wajen masu gyaran jikin mota, ya bi direbobi ɗaya-ɗaya yana ce musu Manaja ya kira taron gaisawa, har da shayi da burodi. Jirgi kaɗai ya gaya wa gaskiya rabi. Ya nuna masa filastar gwiwar hannunsa ya ce, "Wani mara kunya ne ya kayar da ni a gada."

"Wane ɗan iska ne, Baba? Nuna min shi!"

"Zan nuna maka shi ranar Lahadi."

Lahadi da hantsi 'yan ƙungiyar keke suka shigo gareji a jere, ƙararrawa na tashi, Injiniya a gaba, Auta a bayanta. Direbobi suka tsaya da kofunan shayi a hannu suna kallon ikon Allah. Aka ɗaure kekuna jikin shingen ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya. Baba Kauce ya hau kan wata tsohuwar taya ya yi jawabi gajere: kowa ya hau, ya riƙa juya feda baya-baya, ya kalli gaba, kada ya waiwaya. Shi zai wuce da bas, a kan layin da ya ja, daidai tazarar da suke bai wa masu keke a gada. Wanda ya sauko kafin bas ta wuce, shi zai wanke kofuna.

Aka yi ta shewa. Jirgi, dogon matashi mai faɗin kafaɗa, ya zaɓi keken gaba ya haye yana ɗaga wa jama'a hannu. "Wannan ai wasan yara ne. Baba, ka taho da gudu, kada ka ba mu kunya!"

Baba Kauce ya hau kujerarsa, ya gyara madubi, ya tayar da inji. Zuciyarsa na bugawa kamar ranar da aka fara ba shi mota. Ya zagaya ƙarshen fili, ya saita taya a kan layi, ya ba ta wuta daidai gwargwado. Da ya zo saitin na farko daga baya ya kwantar da tafin hannu a kan hon.

Abin da ya biyo baya an daɗe ana ba da labarinsa a gareji. Na farko ya saki kan keke ya rungume shinge. Na biyu ya runtse ido yana kiran sunan mahaifiyarsa. Wani dattijon direba ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙararrawa. Jirgi kuwa, tun kafin bas ɗin ta iso shi, da ya ji ƙasa na rawa kuma hon na matsowa, sai ya yi wani tsalle ya haye shingen gaba ɗaya, ya dira cikin tulin tsofaffin tayoyi, takalminsa ɗaya ya tsaya a kan feda.

Gareji ya kaure da ihu. Mai burodi ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Baba Kauce ya taka birki, ya zuro kai ta taga.

"Jirgi! Ga mara kunyar da ka ce in nuna maka. Asabar, tsakiyar gada, baƙin keke mai kariya!"

Jirgi ya fito daga cikin tayoyi yana kaɗe wando. "Kai ne, Baba? Wallahi na ɗauka na ba ka hanya isasshiya." Ya zo ya tsaya a kan layin fentin, ya dubi tazarar da ke tsakaninsa da keken, ya miƙa hannu ya ga yatsunsa sun taɓa sirdi. Dariyar fuskarsa ta tafi. "Haka muke wucewa?"

"Wani lokacin ma ba mu kai haka kirki ba."

Direbobi suka ce sai Manaja ya ɗanɗana. Ya yi ta noƙewa, suka ɗaga shi cak suka ɗora. Da bas ta wuce shi bai sauko ba, amma sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga kan keken, kuma ya nemi ruwa.

'Yan keke sun fara tafi suna ganin an rama musu, sai Baba Kauce ya ɗaga hannu. "Ba a gama ba. Saura ku. Auta, zo hau nan."

Ya zaunar da ita a kujerar direba, ya ce ta rufe ido. Ya sauka ya yi wa mutane nuni da hannu, suka kwance kekuna suka turo su a hankali, suka jeru a gefen bas ɗin, wasu dab da ƙofar gaba, wasu ƙarƙashin gilashi. Ya dawo ya tsaya a bayanta.

"Buɗe ido. Duba madubinki duka. Za ki sha kwana, akwai kowa?"

Ta duba wannan, ta duba wancan, ta leƙa gaba. "Babu kowa, Baba. Fili ne."

"Sauko ki gani."

Ta sauko matakala ta yi turus. Mutane ne cike a gefen motar, har da Injiniya da kekenta, kowa na kallonta. Ta dafe ƙirji. "Nan nake tsayawa kullum in danja ta tsayar da mu," ta ce a hankali. "Daidai nan. Na ɗauka direba na ganina."

"Ba ya ganinki, 'yata. Ko ni ne ba zan gan ki ba."

Ɗaya bayan ɗaya 'yan keke suka hau kujerar suka sauko jiki a sanyaye. Daga nan taron ya rikiɗe. Aka daina tsokana, aka koma gardama mai daɗi, kowa na jan hannun wani yana nuna masa abu. Injiniya ta durƙusa da alli tana zana gadar a kan simintin gareji, direbobi sun kewaye ta. Jirgi ne ya ce in dai za a yi layin keke, to a matsar da tashar da ke bakin gada gaba kaɗan, don kada bas ta riƙa yanke layin tana sauke fasinja. Dattijon direban nan ya ce a ja wa kekuna wurin tsayawa a gaban motoci wajen danja, inda ido zai gan su. Baba Kauce ya ce murafan magudana a juya tsagarsu ta koma a gicciye. Manaja, da kofin ruwansa a hannu, ya yi alkawarin ƙarin madubi a kowace bas. Kafin azahar shugaban ƙungiyar direbobi ya ce shi dai ya janye, wanda bai janye ba ya sake hawa keke a zagayo da bas. Ba wanda ya ɗaga hannu.

Aikin bai zo da sauri kamar yadda Baba Kauce ya so ba. Sai da damina ta wuce aka fara, kuma layin bai wuce shataletalen kasuwa ba, don 'yan tireda sun ce ba za su matsa ba, maganar tana gaba. Amma gadar an yi ta. Aka share yashi, aka shafa koren fenti, aka kafa fararen turaku masu ƙyalli. Kullum in ya zo wucewa da bas sai ya rage gudu ya leƙa ya ga inda aka kai, har fasinjoji suka fara yi masa tsiya wai ko shi ya ɗauki kwangilar. A lokacin ya mayar wa tela da kekensa ya sayi nasa, shuɗi, mai giya.

Ranar buɗe layin ƙungiya ta shirya doguwar tafiya, daga gada har madatsar ruwa da ke can bayan gari, tafiyar da za ta ci safiya guda. Mutanen da suka fito sun ba kowa mamaki. Ga 'yan makaranta da iyayensu, ga ma'aikatan asibiti da fararen riguna, ga direbobin gareji a kan kekunan aro suna tangaɗi. Manaja ya ba da bas guda ta bi su a baya, ta ɗauki ruwa da famfo da kayan faci da duk wanda ya gaji. Jirgi ne ya roƙa a ba shi tuƙinta. Uwargida ta samu kujerar gaba ta zauna da kwandon lemo a cinya.

Injiniya ta busa usur. Ƙararrawa ta tashi ko'ina lokaci guda, gadar ta ɗauka. Baba Kauce ya shiga koren layin kafaɗa da kafaɗa da Auta, ya dubi ruwan kogi a ƙasa yana walƙiya, ya ji kamar ya yi waƙa. Suka bar gari, gidaje suka ja baya, gonaki suka buɗe dama da hagu. Mutanen ƙauyuka suka fito bakin hanya suna ɗaga hannu. A bayansu jar bas na tafe a hankali kamar mai rakiyar amarya, fitilunta na ƙiftawa, duk motar da ta taho sai Jirgi ya miƙo hannu ya yi mata alamar ta buɗe sosai kafin ta wuce.

Tudun ƙarshe kafin madatsar ya kusa gama da shi. Cinyoyinsa suka ɗauki wuta, numfashi ya koma fito. Jirgi ya matso ya buɗe ƙofa. "Baba, shigo mana, akwai wuri. Ba wanda zai faɗa."

"Rufe ƙofarka, kana zubar min da iska!"

Ya sauke giya, ya miƙe tsaye a kan feda. Auta ta dawo ta jera da shi tana ƙirga masa numfashi, mai burodi ya dafa masa baya ya ɗan tura. Da suka kai ƙoli sai ga ruwa shimfiɗe har iyakar gani, shuɗi, da fararen tsuntsaye a bakinsa. Baba Kauce ya saki ihu, waɗanda ke bayansa suka amsa, aka gangara gaba ɗaya.

A bakin ruwa aka zube kan ciyawa ana shan lemo. Shi yana kwance rigingine, ƙafafu a miƙe, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa da ma bai gaji ba. Sai ya ji shewa ta tashi daga wajen bas. Ya ɗaga kai. Uwargida ce ta ajiye kwando, ta tattare zanenta, ta kama keken Auta ruwan ɗorawa.

"Maman Auta! Ke! Za ki karye!"

Ta ɗora ƙafa a feda, ta tura sau biyu, ta haye cikin sauƙi. Ta miƙe a kan hanyar da ke bin bakin ruwa, bayanta a tsaye, mayafinta na kaɗawa. Ta je can wajen wata bishiya ta kashe kwana, ta dawo, ta ja birki daidai ƙafafunsa.

Baba Kauce ya tashi zaune, baki buɗe. "Yaushe kika iya?"

"Tun kafin in san ka. Da keken yayana nake zuwa makaranta."

"Shekarun nan duk ba ki taɓa faɗa min ba!"

"Ka taɓa tambaya?" Ta juya wajen 'yarta. "Auta, sirdin nan ya yi min tsawo, a ɗan sauke shi. Ke ki shiga bas ki riƙe min kwando, ni da babanki za mu koma a kan keke."

Ya miƙe yana dafe ƙugu, cinyoyinsa na yi masa tsiya, ya je wajen Jirgi neman sifana.